HANYOYIN AIKA SAƘO A NIJERIYA

Bayani game da gidan waya, da tarho, da rediyo, da intanet, domin Hakimai da Malamansu

GABATARWA

An shirya wannan ɗan littafi ne domin hakimai da malaman da ke yi musu aikin rubutu, don su san hanyoyin da saƙo ke bi a ƙasar nan, da asalin kowace hanya, da yadda ta ke aiki, da wanda ke lura da ita. Dalili kuwa shi ne, mulki ba ya tafiya sai da labari. In umurnin Sarki bai kai ga dagaci cikin lokaci ba, daidai ya ke da ba a bayar ba. Haka kuma in annoba ta ɓarke a wani ƙauye, ko ɓarayi suka faɗa masa, in kukan mutanen bai isa ga hukuma da wuri ba, sai taimako ya zo bayan ɓarna ta riga ta auku.

Akwai kuma dalili na biyu. Mutane da yawa suna tsammani maganar waya da ta rediyo a iska kawai ta ke tafiya, ba ta bukatar kome a ƙasa. Alhali kowace hanya tana da kayan aikinta: ɗakuna, da dogayen ƙarafa, da injuna, da wayoyin da aka binne. Galibin kayan nan kuwa cikin ƙasar wani hakimi su ke, ko a gonar wani talaka, ko a gefen hanyar wani ƙauye. Saboda haka tsaronsu ya shafi hakimi kai tsaye.

YADDA A KE AIKE A DĀ

Kafin zuwan Turawa, saƙo bai fi saurin ƙafar mutum ko ta doki ba. Sarakuna su kan sa a rubuta takarda da Larabci, a buga hatimi, a ba manzo ya kai. Takardun da ke tsakanin Sakkwato da sarakunan gabas ta hannun Waziri su ke bi, manzo kuwa ya kan yi kwana da kwanaki bisa hanya. Fatake masu zuwa Gwanja su kan ɗauki saƙon mutane tare da kayansu, haka ma ayarin raƙuma da ke ratsa Sahara zuwa Tarabulus, wanda ya kan yi watanni kafin ya isa. A cikin gari kuwa, sankira shi ke yin shela, tambari da kakaki su sanar da fitowar Sarki.

Tsarin nan ya yi aiki a zamaninsa, amma yana da aibu biyu. Na fari jinkiri. Na biyu, in manzo ya gamu da 'yan fashi, ko kogi ya kawo ya tsare shi, saƙo ya tsaya ke nan. Duk hanyoyin da za a ambata nan gaba an ƙago su ne don maganin waɗannan aibu biyu.

GIDAN WAYA

A shekara ta 1852 aka buɗe gidan waya na farko a Ikko, watau Legas, yana reshen babban gidan waya na London. A 1874 Ikko ta sami kan sarki nata na kanta. Sunan nan, kan sarki, ya samo asali ne daga hoton kan mai sarautar Ingila da a ke bugawa jikin 'yar takardar. Kamfanin Turawan da ke ciniki a kogin Kwara, watau Royal Niger Company, ya buɗe gidan waya a Lokoja a 1899, a 1900 kuma aka fitar da kan sarki mai sunan Nijeriya ta Arewa. Da aka haɗa Kudu da Arewa a 1914 sai aka koma ga kan sarki iri ɗaya.

Da fari masinjoji ke ɗaukar jakunkunan wasiƙu a kā, ko a sa su a kwalekwale. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, tafiyar makonni ta koma ta kwanaki. A watan Nuwamba na 1925 jiragen sama uku na mayaƙan Ingila suka taso daga Masar suka sauka Kano, a 1936 kuma aka fara jigilar wasiƙu ta sama tsakanin Khartum da Kano, daga nan a haɗa da Ingila. Lokacin da Nijeriya ta sami mulkin kai a 1960 tana da manyan gidajen waya 176, ban da ƙananan wakilai wajen 1,000 da ke sayar da kan sarki da karɓar wasiƙu a garuruwa. A 1961 ta shiga ƙungiyar gidajen waya ta duniya, wadda aka kafa a birnin Bern a 1874. Amfanin ƙungiyar nan shi ne, kan sarkin da aka saya a Katsina ya isa ya kai wasiƙa Makka ko London, ba sai an sake biya a hanya ba.

Aikin gidan waya kashi huɗu ne: karɓa, da rarrabewa bisa ga garuruwa, da ɗauka, da miƙawa. Wurin miƙawa a ke samun yawancin tangarɗa, domin wasiƙar da ba ta da cikakken adireshi ba ta da inda za ta nufa. Don haka ne ofisoshi ke kama akwati a gidan waya, aka kuma ba kowane yanki lamba mai alƙaluma shida. Ta babban gidan waya na Kano ita ce 700001, ta Kaduna 800001.

A 1985 aka raba tsohuwar ma'aikatar gidan waya da tangaraho gida biyu: hukumar NIPOST ta ɗauki aikin wasiƙu, kamfanin NITEL ya ɗauki na tarho. Tun da wayar hannu ta yawaita wasiƙun gaisuwa sun ragu ƙwarai, fasal oda ma an bar yayinta. Abin da ya rage shi ne ɗaukar ƙunshin kaya da takardun hukuma, a nan ma akwai kamfanonin 'yan kasuwa da ke yi da lasisin NIPOST, mutane da yawa kuma direbobin tasha su ke ba saƙo. Amma a lura, takardar rajista ita ke da rasit da sa hannun wanda ya karɓa. Wadda aka ba direba in ta ɓace, ba shaidar da za a nuna.

TANGARAHO DA TARHO

Sunan gidan waya kansa daga wayar tangaraho ya fito, domin a ɗaki ɗaya a ke karɓar wasiƙa a kuma buga waya. A 1886 aka shimfiɗa waya ƙarƙashin teku wadda ta haɗa Ikko da London. Kafin 1900 an ja ta bisa turaku har Jebba da Lokoja saboda bukatar soja, daga baya aka kai ta Zungeru da manyan garuruwan larduna. Ba murya ta ke ɗauka ba. Ma'aikaci ya kan ƙwanƙwasa wani ɗan ƙarfe, gajeren bugu da dogo, kowane harafi da nasa, na can ya saurara ya mayar da shi rubutu. Da ya ke kalma kalma a ke biya, shi ya sa talgiram ba ya da doguwar gaisuwa.

Tarho kuwa muryar mutum ya ke mayarwa lantarki, ta bi wayar tagulla, a can a sake mayar da ita murya. Wahalarsa ita ce, kowane gida sai an ja masa tasa waya tun daga ofishin haɗa layi, abin kuwa da tsada. A 1960 layukan tarho 18,724 ne a ƙasar duka. A 1971 aka buɗe tashar Lanlate, a ƙasar Yarbawa, mai magana da ƙasashen waje ta tauraron ɗan Adam, daga baya aka gina wata a Kujama kusa da Kaduna. Duk da haka, zuwa 2001 layukan da ke aiki ba su wuce wajen 400,000 ba, a ƙasa mai mutum fiye da miliyan 100. Mai neman layi ya kan yi shekaru yana jira, yawancin gundumomi kuwa ko guda ba su da shi.

WAYAR HANNU

A 1992 gwamnati ta kafa hukumar NCC don lura da harkar sadarwa, ta kuma buɗe ƙofa ga 'yan kasuwa. A watan Janairu na 2001 hukumar ta yi gwanjon lasisin wayar hannu, kowane lasisi ya kama dala miliyan 285. A watan Agusta na shekarar kamfanonin Econet da MTN suka fara aiki. Econet ne ya yi ta sake suna har ya zama Airtel a 2010. Da fari naira 50 a ke biya a minti ɗaya, ko da mutum bai cika mintin ba. Da Globacom ya shigo a 2003 ya fara caji bisa daƙiƙa, sauran suka bi dole. Etisalat ya fara a 2008, ya koma 9mobile a 2017. NITEL kuwa ya kasa gasa, aka sayar da kayansa, a 2016 wanda ya saya ya fara aiki da sunan ntel.

Ga yadda wayar hannu ta ke aiki. An rarraba ƙasa yanki yanki, kowane yanki da dogon ƙarfensa, wanda jama'a ke kira ƙarfen sabis. Wayar da ke hannun mutum ƙaramar rediyo ce mai aikawa da karɓa, iyakar tafiyar da maganarsa ke yi a iska kuwa daga hannunsa ne zuwa ƙarfen da ya fi kusa. Daga nan sai ta bi waya ta ƙarƙashin ƙasa, ko faranti ya cilla ta zuwa farantin wani ƙarfe, har ta kai babban ofishin kamfani. Can a ke duba inda wanda a ke kira ya ke, a tura ta ga ƙarfen da ke kusa da shi. In mutum yana cikin mota, ƙarfe ya kan miƙa shi ga na gaba ba tare da ya sani ba. Tsauni da kwari da nisa su ke rage ƙarfin sabis. In kuwa mutane suka yi wa ƙarfe ɗaya yawa, kamar ran kasuwa ko ran salla, sai kira ya ƙi shiga.

Kowane ƙarfe yana bukatar lantarki dare da rana. Da ya ke wutar gari ba ta tsayawa, wurare da yawa ma ba ta kai ba, galibinsu da janareto da batura da farantan hasken rana su ke aiki. Ke nan in aka sace man inji ko batir, sabis ɗin ƙauyukan da ke kewaye ya ɗauke. Sau da yawa kuma ƙarfe ɗaya kamfanoni biyu ko uku ke haya a kansa, faɗuwarsa ta shafe su duka.

A ƙarshen 2023 layukan da ke aiki sun haura miliyan 220. Tun watan Disamba na 2020 gwamnati ta umurta a haɗa kowane layi da lambar ɗan ƙasa, watau NIN. Bayan an rufe waɗanda ba a haɗa ba aka kuma gyara lissafi, a ƙarshen 2024 adadin ya tsaya wajen miliyan 165. A sani wannan lissafin layuka ne, mutum ɗaya kuwa ya kan riƙe biyu ko uku, har yanzu kuma akwai ƙauyukan da sai an hau tudu ko bishiya a ke samun sabis.

REDIYO DA TALABIJIN

Bambancin rediyo da tarho shi ne, tarho mutum ɗaya ke magana da ɗaya, rediyo kuwa ɗaya ke magana dubbai su ji. Rediyon farko a ƙasar nan na waya ne. A 1935 aka fara shi a Ikko: tasha ta kamo shirin London, ta raba shi ta waya zuwa akwatunan da aka rataya a gidaje da wuraren taruwar jama'a, mai akwati ya riƙa biyan kuɗin wata. An kai shi Badun a 1939, Kano a 1944. A 1951 gwamnati ta kafa ma'aikatar watsa labarai ta iska, wadda ta zama hukuma mai cin gashin kanta a 1957. A ran 13 ga Maris na shekarar nan ta 1957 BBC ta fara shiri da Hausa daga London, da muryar Malam Aminu Abdullahi Malumfashi. Daga baya Jamus da Sin suka buɗe nasu sassan Hausa, Muryar Amurka ta bi a 1979, Faransa a 2007.

Gwamnatin Jihar Yamma ce ta fara buɗe talabijin, a Badun, ran 31 ga Oktoba 1959. Jihar Gabas ta bi a 1960. A watan Maris na 1962 gwamnatin Jihar Arewa, ƙarƙashin Firimiya Sir Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato, ta buɗe gidan rediyo da talabijin na Kaduna, wanda muryarsa ta riƙa kai wa Hausawan Nijar da Kamaru da Gana. A 1977 Gwamnatin Tarayya ta tattara gidajen talabijin ƙarƙashin NTA, a 1978 kuma rediyon Kaduna ya shiga cikin Rediyon Tarayya, watau FRCN. A 1992 aka kafa hukumar NBC mai ba da lasisi, aka yarda wa 'yan kasuwa su buɗe tashoshi. RayPower ta fara a Ikko a 1994, Freedom a Kano a 2003. Yau da wuya a sami babban birnin jiha da ba shi da tashoshi da dama.

Zangon rediyo iri uku ne. Gajeren zango ya kan tashi sama ya bugi wani rufi na sararin samaniya ya komo ƙasa can nesa, shi ya sa makiyayi a daji ke jin London. Matsakaicin zango ya kan game lardi ko fiye, ya fi kuma nisa da dare. Zangon FM ya fi su tsabtar murya, amma miƙe ya ke tafiya, ba ya wuce inda tsawon ƙarfensa ya ba shi iko. Game da talabijin kuwa, a 2016 aka fara sauya shi zuwa sabon tsari na dijital, inda zango ɗaya ke ɗaukar tashoshi da yawa. An fara da Jos da Abuja, Kaduna ta samu a 2017, Kano a 2021, amma har ƙarshen 2024 ba a game ƙasa duka ba.

Har yanzu rediyo ne ya fi kowace hanya isa ga talaka, domin ba ya bukatar iya karatu, ba ya cin kati, batir biyu sun ishe shi.

INTANET

Intanet haɗakar kwamfutocin duniya ce, da su ke miƙa wa juna saƙo bisa ƙa'ida ɗaya. Rubutu ne, ko hoto, ko murya, duk a kan mayar da shi lambobi, a yayyanka shi ƙanana, kowane yanki da adireshinsa kamar wasiƙa, in sun isa a sake harhaɗa su. A 1996 hukumar NCC ta fara ba kamfanoni lasisin sayar da shi. Da fari sai a shagunan intanet na birane a ke samu, yanzu kuwa yawancin mutane ta wayar hannu su ke shiga. Abin da a ke kira 3G da 4G da 5G matakan sauri ne. An ba da lasisin 3G a 2007, an yi gwanjon 5G a watan Disamba na 2021, MTN ya fara aiki da shi a 2022.

Babbar hanyar intanet ita ce zaren gilashi, siriri kamar gashin kai, wanda haske ke bi ta cikinsa ɗauke da saƙo. Irinsa aka shimfiɗa ƙarƙashin teku daga Turai. SAT-3 ya fara aiki a 2002, MainOne da Glo-1 a 2010, WACS a 2012, Equiano na kamfanin Google ya sauka Ikko a 2022, 2Africa ya sauka Ikko da Akwa Ibom a 2024. Matsalar Arewa ita ce, duk a bakin teku su ke sauka, tsakanin Ikko da Kano kuwa wajen kilomita 1,000 ne. Sai an haƙa rami gefen hanya an binne zaren gari gari, jihohi kuma suna karɓar kuɗin izinin haƙa. A 2013 aka daidaita kan naira 145 kowace mita, amma jihohi da yawa suka ci gaba da karɓar fiye da haka. A 2020 Jihar Kaduna ta yafe kuɗin ɗungum, Katsina ta koma 145. Inda kuɗin ya yi yawa kamfani ya kan kauce, mutanen wurin su zauna babu.

Inda zare bai kai ba a kan yi amfani da tauraron ɗan Adam. Nijeriya ta harba NigComSat-1 a 2007, ya lalace a 2008, aka maye gurbinsa da NigComSat-1R a 2011. A watan Janairu na 2023 kamfanin Starlink ya fara aiki a ƙasar. Shirin gwamnati na 2020 zuwa 2025 ya yi nufin intanet mai sauri ya kai kashi 70 cikin 100, amma a ƙarshen 2024 wajen kashi 44 aka samu. A 2024 ɗin gwamnati ta amince da shirin ƙara zare na kilomita 90,000.

WANDA KE DA IKO

Bisa tsarin mulki na 1999, gidan waya da tarho da rabon zangon iska duk na Gwamnatin Tarayya ne. NCC ke lura da kamfanonin waya da intanet, NBC da gidajen rediyo da talabijin, NIPOST da wasiƙu. Ƙasa kuwa, bisa dokar filaye ta 1978, amana ce a hannun gwamnan jiha. Watau lasisi daga Tarayya ya ke fitowa, izinin fili daga jiha da ƙaramar hukuma, jari daga kamfani. Amma babu ɗayansu da ke kwana kusa da ƙarfen sabis. Dagaci da mai unguwa da mutanensu su ke kwana kusa da shi.

IN HANYA TA YANKE

An riga an ga abin da kan faru. A watan Satumba na 2012 'yan Boko Haram suka ƙona ƙarafan sabis da yawa a Arewa. A watan Mayu na 2013 aka rufe sabis a Borno da Yobe da Adamawa saboda yaƙi. A watan Satumba na 2021 aka rufe na Zamfara duka, sa'an nan wasu sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna, don a toshe wa 'yan bindiga hanyar magana da masu ba su labari. Wasu wuraren sun yi watanni a haka. Ciniki ya ja baya, aiken kuɗi ya tsaya, mutane suka riƙa doguwar tafiya don kira ɗaya, ƙauyen da aka kai wa hari kuma ba shi da hanyar neman agaji. A farkon 2023, da takardar kuɗi ta yi wuya, ko cefane sai ta waya ko wurin mai POS, inda babu sabis kuwa aka sha wuya ninki biyu. A ran 14 ga Maris 2024 wayoyi huɗu na ƙarƙashin teku suka yanke daura da gaɓar Kwaddibuwa, bankuna da ofisoshi suka yi kwanaki cikin tangarɗa. Jarrabawar shiga jami'a ma tun 2015 da kwamfuta a ke yinta, yaron da garinsu ba wurin yi sai ya tafi wani gari.

Waɗannan manya ke nan. Ƙananan kuwa kullum a ke yinsu: mai gyaran hanya ya tsinke zare da katafila, ɓarawo ya kwashe batura, mai fili ya kulle ƙofar ƙarfe saboda rigimar haya. Don haka a 2024 Gwamnatin Tarayya ta sa kayan sadarwa cikin muhimman kayan ƙasa da doka ta ba kariya ta musamman, mai ɓata su kuwa ɗauri ne hukuncinsa.

ABIN DA A KE BUKATA GA HAKIMI DA MALAMINSA

1. Malamin hakimi ya buɗe littafi ya rubuta duk ƙarfen sabis da ke ƙasar, da garin da ya ke, da kamfanin da ke da shi, da mai filin, da mai gadi, da lambar wanda za a kira in wani abu ya faru. Ya kuma rubuta hanyoyin da aka binne zare.

2. In kamfani ya nemi fili, a tabbatar da ainihin mai shi, musamman in gadō ne, a yi yarjejeniya a rubuce gaban shaidu, a kuma duba tazarar ƙarfen da gidaje. In rigima ta taso, ko ƙarar inji da malalar mai sun dami maƙwabta, a kai ƙara ga ƙaramar hukuma ko majalisar Sarki. Kada a bari kowa ya kulle ƙofa, ko ya tsare ma'aikata yana neman kuɗin da doka ba ta sa ba.

3. Kada a haƙa lambatu ko harsashin gini kusa da alamar zare sai an sanar da kamfani. Dagatai su bayyana wa jama'a cewa zaren nan gilashi ne, babu tagulla cikinsa, wanda ya tone shi ba abin da zai sayar.

4. In an yi sata, a sanar da 'yan sanda ko Sibil Difens nan da nan. A gargaɗi 'yan gwangwan da masu sayen tsofaffin batura kada su karɓi kayan da ba su san asalinsa ba.

5. A rubuta ƙauyukan da ba su da sabis, da kimanin yawan mutanensu, da kasuwa ko makaranta ko asibitin da ke wurin, da nisansu da ƙarfe mafi kusa. A aika ta hannun ƙaramar hukuma zuwa NCC, domin ƙarƙashinta akwai asusu na musamman, USPF, don wuraren da kamfani ba ya ganin riba. Takarda mai lissafi ta fi koke na baki ƙarfi.

6. A yi shela kada kowa ya yi wa wani rajistar layi da sunansa, domin in aka yi laifi da layin, mai sunan za a fara nema. Kada kuma a faɗa wa kowa lambar sirri ta banki, ko da ya ce daga banki ya ke kira. Lambar neman agajin gaggawa ita ce 112, ta kai ƙarar kamfanin waya ga NCC kuwa 622, bayan an fara kai kuka ga kamfanin bai biya bukata ba.

7. Labarin da ya zo ta Facebook ko WhatsApp, in ya shafi tsaro ko addini ko rigakafi, kada ofishin hakimi ya watsa shi sai an tabbatar daga hukuma. Hoto da murya duk ana iya ƙirƙira su yanzu. In jita-jita ta bazu, a gaggauta ƙaryata ta a masallatai da kasuwanni da gidan rediyo mafi kusa.

8. Umurnin da aka bayar ta waya, in ya shafi fili, ko haraji, ko naɗi, ko iyaka, a bi shi da takarda, a ajiye kwafi cikin fayil. Waya ta kan ɓace, layi ya kan rufe, magana kuma a kan musanta ta. A kuma taimaki ƙaramar hukuma wajen sa wa tituna suna da gidaje lamba, domin da adireshi a ke kai wasiƙa, da shi kuma motar asibiti ke samun gida.

ƘARSHE

Cikin shekara ɗari da 'yan kai, saƙon da manzo kan kai cikin makonni ya koma isa kafin a rufe baki. Amma sauƙin nan ya dogara ga kayan da a ke iya sacewa, ko ƙonawa, ko tsinkewa, in kuwa sun lalace talakan ƙauye ne ya fi kowa hasara, zama shi ne ba shi da wata hanya ta biyu. Ana roƙon hakimai su sa a karanta wa dagatai da masu unguwanni wannan bayani a taronsu na gaba, su kuma su isar da shi ga jama'a. In kunne ya ji, jiki ya tsira.